Na Kusa Da Shugaba Ba Shafaffe Da Mai Ba Ne: Darasi Daga Binciken Mueller

Ranar Talata, 21 ga Agusta, 2018, kusan a cikin sa'a guda, kotunan tarayya biyu a Amurka suka damƙi mutum biyu daga cikin makusantan Shugaba Donald Trump. A garin Alexandria na jihar Virginia, masu taya alƙali yanke hukunci suka samu Paul Manafort, wanda ya shugabanci yaƙin neman zaɓen Trump a 2016, da laifuka takwas da suka shafi ƙin biyan haraji, damfarar banki da ɓoye asusun ajiya a ƙasar waje. A birnin New York kuma, Michael Cohen, wanda ya yi sama da shekara goma yana lauyan Trump, ya tsaya gaban alƙali ya amsa laifuka takwas da bakinsa, har ya ce da umarnin ɗan takarar ne ya shirya biyan wasu mata biyu kuɗin toshiyar baki gabanin zaɓe.

Kafin gari ya waye ƙasar ta rabu gida biyu. Magoya bayan shugaban suka ce bita da ƙulli ce kawai. An naɗa mai bincike na musamman Robert Mueller ne don ya gano ko Rasha ta haɗa baki da ayarin Trump a zaɓe, to me ya haɗa wannan da harajin da Manafort ya ƙi biya tun kafin Trump ya fito takara? 'Yan adawa kuwa suka ce shari'a ce ke aikinta, kuma mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Yanzu ƙura ta lafa, rahotanni sun fito, hukunce-hukuncen kotu suna nan ga mai son karantawa, don haka ana iya duba lamarin da idon basira. Matsayina shi ne: bincikar makusantan shugaban ƙasa halas ne a doka, kuma wajibi ne idan akwai dalili. Siyasa ba za ta taɓa rabuwa da irin wannan bincike ba, domin duk abin da ya taɓa fadar mulki sai ya motsa 'yan siyasa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne da wace hujja aka fara, wa ya shata iyaka, kuma ko an kai tuhumar gaban alƙali a bainar jama'a. Sannan babban haɗarin da ke fuskantar adalci a nan yana hannun shugaban kansa, mai ikon korar mai bincike da kuma yafe wa wanda aka kama.

Wa zai binciki na gida?

Tushen rikicin yana cikin kundin tsarin mulkin Amurka. Kundin ya ɗora ikon zartarwa gaba ɗaya a kan shugaban ƙasa, gurfanar da masu laifi kuwa aikin ɓangaren zartarwa ne. Shugaba ne ke zaɓar Antoni Janar, shi ke zaɓar shugaban hukumar FBI, kuma yana iya sallamar kowanne daga cikinsu. Idan aka ce Ma'aikatar Shari'a ta binciki aminin shugaba, kamar a ce yaron gida ya buɗe jakar abokin maigida ne, alhali abincinsa da makwancinsa duk suna hannun maigidan.

Amurkawa sun ɗanɗani wannan tun zamanin Richard Nixon. A watan Yunin 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate da ke Washinton. Da bincike ya fara kusantar fadar White House, mai gabatar da ƙara na musamman, Archibald Cox, ya nemi faya-fayan sautin da Nixon ke ɗauka a ofishinsa. Ranar Asabar, 20 ga Oktoba, 1973, Nixon ya ba da umarni a kore shi. Antoni Janar Elliot Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus shi ma ya ƙi, ya bi bayansa. Sai na uku a jerin, Robert Bork, ya zartar da korar. Fushin jama'a ya tilasta aka naɗa wani mai binciken, Leon Jaworski, kuma a watan Yulin 1974 Kotun Ƙoli ta ce dole Nixon ya miƙa faya-fayan, ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Ranar 9 ga Agusta ya bar mulki. Daga baya shugaban ma'aikatan fadarsa H. R. Haldeman, mai ba shi shawara John Ehrlichman da tsohon Antoni Janar ɗinsa John Mitchell duk suka shiga kurkuku.

Don kada a sake irin wannan kora, majalisa ta yi doka a 1978 wadda ta ba alƙalai uku ikon naɗa mai bincike mai zaman kansa, wanda ba a iya cirewa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A 1988 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halascin dokar da alƙalai bakwai, Mai Shari'a Antonin Scalia kaɗai ya saɓa. Gargaɗinsa shi ne, mutumin da aka ba kuɗi ba iyaka, lokaci ba iyaka, aka nuna masa mutum ɗaya aka ce ya bincika, ba wanda zai iya taka masa birki. Shekara goma bayan haka 'yan Dimokurat suka gane abin da yake nufi. Kenneth Starr, wanda aka naɗa a 1994 kan wata hada-hadar filaye da ake kira Whitewater a jihar Arkansas, ya ƙare da binciken alaƙar Bill Clinton da Monica Lewinsky. Majalisar Wakilai ta tuhumi Clinton a Disambar 1998, Majalisar Dattawa ta wanke shi a Fabrairun 1999. A watan Yunin shekarar, jam'iyyun biyu suka zuba ido wa'adin dokar ya ƙare ba wanda ya sabunta ta.

Abin da ya maye gurbinta ƙa'idojin cikin gida ne na Ma'aikatar Shari'a. Antoni Janar ne ke naɗa mai bincike na musamman, shi ke shata masa iyaka, kuma shi ke iya cire shi idan ya yi ba daidai ba. Tarihin nan ya nuna Amurka ta gwada hanya biyu, ta ga illar kowace. Idan mai bincike yana tafin hannun shugaba, za a kore shi ranar da ya matso. Idan kuma ba mai iko da shi ko kaɗan, yana iya wuce gona da iri. Mueller ya yi aikinsa ne a tsakiyar waɗannan biyu.

Yadda aka kai ga Mueller

Ranar 31 ga Yuli, 2016, FBI ta buɗe bincike bayan gwamnatin Ostareliya ta sanar da ita cewa George Papadopoulos, wani ƙaramin mai ba ayarin Trump shawara, ya faɗa wa jakadanta a Landan cewa Rasha na da bayanan da za su iya cutar da Hillary Clinton. Bayan zaɓe sai batun Janar Michael Flynn ya taso. A ƙarshen Disambar 2016, ranar da Barack Obama ya ƙaƙaba wa Rasha takunkumi ya kori jami'an jakadancinta 35, Flynn ya yi waya da jakadan Rasha Sergey Kislyak, suka tattauna batun takunkumin. Da jami'an FBI suka tambaye shi ranar 24 ga Janairu, 2017, sai ya musa. Ya kuma ɓoye wa Mataimakin Shugaba Mike Pence gaskiya, abin da ya sa ya rasa kujerarsa ta mai ba da shawara kan tsaro bayan kwana 24 kacal.

A watan Maris Antoni Janar Jeff Sessions ya tsame hannunsa daga binciken, saboda shi kansa ya yi wa Trump yaƙin neman zaɓe. Ranar 9 ga Mayu Trump ya kori shugaban FBI James Comey, wanda ya rubuta cewa shugaban ya taɓa nuna masa fatan a ƙyale Flynn. Kwana takwas bayan haka, ranar 17 ga Mayu, Mataimakin Antoni Janar Rod Rosenstein ya naɗa Mueller. A lura da kyau: Trump ne ya naɗa Rosenstein, Mueller kuma ɗan Rifablikan ne da George W. Bush ya ba shugabancin FBI a 2001. Korar Comey ce ta jawo naɗin, kuma daga cikin gwamnatin Trump aka yi shi.

Ƙorafe-ƙorafen doka da amsoshinsu

Ƙorafi na farko shi ne naɗin kansa haramtacce ne, tunda Majalisar Dattawa ba ta tantance Mueller ba alhali yana da ƙarfi irin na manyan jami'ai. An kai wannan kotu ba sau ɗaya ba. Mai Shari'a Dabney Friedrich, wadda Trump da kansa ya naɗa, ta yi watsi da shi a 2018. A Fabrairun 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ta ce Mueller ƙaramin jami'i ne da ke ƙarƙashin kulawar Antoni Janar, don haka naɗinsa yana kan ƙa'ida. Gaskiya ne a watan Yulin 2024 Mai Shari'a Aileen Cannon ta Florida ta yanke akasin haka game da wani mai binciken, Jack Smith. Wannan ya nuna gina irin wannan ofishi a kan ƙa'idojin ma'aikata maimakon dokar majalisa rauni ne. Amma duk kotun da ta duba naɗin Mueller ta halasta shi.

Ƙorafi na biyu shi ne wuce iyaka, kuma a nan ne shari'ar Manafort ta fi ba da haske. Takardar naɗin ta ba Mueller ikon bincikar alaƙar Rasha da mutanen ayarin Trump, da duk abin da ya taso kai tsaye daga binciken. A watan Agustan 2017 Rosenstein ya ƙara rubuta masa a fili cewa yana iya bin sawun kuɗin da Manafort ya karɓa daga Yukren. Manafort ya yi shekaru yana yi wa jam'iyyar Viktor Yanukovych aiki, shugaban Yukren na wancan lokaci mai ɗasawa da Mosko, kuma masu gabatar da ƙara sun ce ya samu fiye da dala miliyan 60. Yawancin kuɗin ya bi ta asusun da aka buɗe a tsibirin Cyprus, daga can ake biyan dillalan gidaje, masu gyaran lambu da shagunan tufafi kai tsaye, har da wata riga ta fatar jimina ta dala 15,000 da aka nuna hotonta a matsayin shaida.

Alƙalin da ya saurari ƙarar, T. S. Ellis, bai ɓoye shakkarsa ba. A watan Mayun 2018 ya faɗa wa lauyoyin Mueller a zaman kotu cewa ba damfarar banki ce ta dame su ba, so suke su matsa wa Manafort har ya ba su abin da zai kai ga Trump. Duk da haka, da ya zauna ya duba doka, sai ya ƙi korar ƙarar, ya ce mai binciken yana cikin huruminsa. Bayan an yanke hukunci kuma, ɗaya daga cikin mutum goma sha biyun da suka taya alƙali, mace mai goyon bayan Trump, ta fito a talabijin ta ce ba ta so a samu Manafort da laifi ba, amma takardun shaida sun fi ƙarfin son ranta. Waɗannan mutum biyu, alƙali mai shakka da mai jefa wa Trump ƙuri'a, su ne amsar da ta fi gamsar da ni. Kowa na iya zargin niyyar mai gabatar da ƙara, amma takardar banki ba ta da jam'iyya. Kuma mutumin da ke da tsohuwar alaƙar kuɗi da attajiran da ke kusa da Mosko, ya zo ya karɓi ragamar yaƙin zaɓe ba tare da albashi ba, sannan a cikin watannin yaƙin ya riƙa miƙa wa abokin aikinsa Konstantin Kilimnik bayanan sirri na ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ba yadda za a ce kuɗinsa ba su shafi binciken ba. Kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawa, wanda 'yan Rifablikan ke jagoranta, ya bayyana Kilimnik a rahotonsa na Agustan 2020 a matsayin jami'in leƙen asirin Rasha.

Ƙorafi na uku shi ne yawancin laifukan binciken ne ya haife su: Flynn, Papadopoulos da Roger Stone duk kan ƙarya ga masu bincike ko ga majalisa aka kama su. Ban yarda ƙarya ƙaramin laifi ba ce a irin wannan wuri. Mai bincike ba shi da wata hanyar sanin abin da ya faru a bayan fage sai ta bakin waɗanda ke wurin. Idan aka ce yi masa ƙarya ba komai ba ne, an rufe ƙofar gano gaskiya ke nan ga duk mai muƙami. Mueller ya rubuta a rahotonsa cewa ƙarairayin wasu shaidu sun kawo wa binciken cikas sosai. Stone kuwa, baya ga ƙarya ga majalisa, an same shi da yi wa wani shaida barazana.

Inda masu suka suke da gaskiya

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ce binciken nan tsaf yake daga farko har ƙarshe bai karanta rahoton Sufeto Janar na Ma'aikatar Shari'a, Michael Horowitz, na Disambar 2019 ba. Horowitz ya ce an buɗe binciken bisa isasshen dalili, kuma bai samu shaidar da ke nuna son kai na siyasa ne ya sa aka buɗe shi ba. Amma ya gano manyan kurakurai da ɓoye bayanai har 17 a cikin takardun da FBI ta kai wa kotun sirri don samun izinin sa ido a kan Carter Page, wani tsohon mai ba Trump shawara. Takardun sun dogara da rahoton Christopher Steele, tsohon ɗan leƙen asirin Birtaniya, wanda kuɗin aikinsa ya fito daga ayarin Hillary Clinton da jam'iyyar Dimokurat ta hannun wani kamfanin lauyoyi. Wani lauyan FBI, Kevin Clinesmith, ya amsa a 2020 cewa ya sauya abin da ke cikin wani saƙon imel da aka yi amfani da shi. Carter Page kuwa ba a taɓa tuhumarsa da komai ba. An zalunce shi, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Haka nan saƙonnin wayar Peter Strzok, babban jami'in FBI da ke cikin tawagar, waɗanda ke cike da ƙyamar Trump. Mueller ya cire shi da ya samu labari a 2017, amma tabon ya riga ya zauna. A batun Flynn ma, wani rubutun hannu na wani babban jami'in FBI da ya fito a 2020 ya nuna yana tambayar ko manufarsu gano gaskiya ce ko kuwa su sa shi ya yi ƙarya don a tuhume shi ko a kore shi. Ko da an ce tambayar mai taka-tsantsan ce, ta nuna irin ƙarfin da ke hannun waɗannan jami'ai.

Tun a 1940 Antoni Janar Robert Jackson ya gargaɗi lauyoyin gwamnati cewa haɗari mafi girma shi ne a zaɓi mutum tukuna, sannan a shiga littattafan doka ana nemo laifin da za a liƙa masa. Dabarar matsa wa ƙarami don ya tona babba tana iya sa mai jin tsoron kurkuku ya faɗi abin da ake so a ji. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ba na raina shi.

Sai dai a duba wa ya tono waɗannan kurakuran. Sufeton ma'aikatar ne da kanta. Da Antoni Janar William Barr ya naɗa John Durham ya binciki masu binciken, ya yi kusan shekara huɗu, ya soki FBI da kakkausar murya a rahotonsa na Mayun 2023, amma mutum biyun da ya kai gaban masu taya alƙali, Michael Sussmann da Igor Danchenko, duk an wanke su. Kotun da ta ɗaure Manafort saboda akwai shaida, irinta ce ta saki waɗannan saboda shaidar ba ta kai ba. Maganin kuskuren mai bincike shi ne alƙali, sufeto da lauyan wanda ake tuhuma. Kuskure a takardar Carter Page ba ya goge harajin da Manafort ya ɓoye.

Wani abin da ke nuna binciken bai zama farautar mutum ɗaya ba shi ne sakamakonsa. An tuhumi mutum 34 da kamfanoni uku, ciki har da Rashawa 13 kan yaɗa farfaganda a intanet da jami'an leƙen asirin sojan Rasha 12 kan kutse a kwamfutocin 'yan Dimokurat. Amma rahoton mai shafi 448 da aka fitar a Afrilun 2019 ya ce binciken bai tabbatar da haɗin baki na laifi tsakanin ayarin Trump da gwamnatin Rasha ba. A kan zargin yi wa shari'a zagon ƙasa, ya zayyana aukuwa goma, bai ce shugaban ya yi laifi ba, bai kuma wanke shi ba, yana mai la'akari da tsohon matsayin ma'aikatar cewa ba a gurfanar da shugaba mai ci. Mai bita da ƙulli ba ya shafe wata 22 yana aiki sannan ya rubuta da hannunsa cewa bai tabbatar da babban zargin ba.

Kora da afuwa

Rahoton ya ce a watan Yunin 2017 Trump ya umarci lauyan fadar White House, Don McGahn, ya sa a cire Mueller. McGahn ya ƙi, har ya fara shirin ajiye aiki. Abin da ya tsare binciken a ranar lamirin mutum ɗaya ne, irin wanda Richardson ya nuna a 1973. Ƙasa ba za ta dogara da sa'ar samun irin wannan mutum a kowane zamani ba.

Abin da kora ta kasa, afuwa ta yi. Washegarin hukuncin Manafort, Trump ya yabe shi a Twitter da cewa jarumi ne da ya ƙi karyewa, yana kwatanta shi da Cohen. A Fabrairun 2020, da lauyoyin gwamnati suka nemi a ɗaure Stone shekara bakwai zuwa tara, Trump ya yi tir da hakan, shugabannin ma'aikatar suka sassauta buƙatar, lauyoyi huɗu suka janye daga ƙarar a rana guda. Alƙali ta yanke masa wata 40, Trump ya ɗauke masa zaman kurkukun a watan Yuli kafin ya shiga. A watan Mayun 2020 ma'aikatar ta nemi janye ƙarar Flynn, mutumin da ya amsa laifinsa a gaban kotu, sannan a Nuwamba Trump ya yafe masa. A Disamba ya yafe wa Papadopoulos, Manafort da Stone. Rick Gates, mataimakin Manafort da ya ba da shaida a kan ubangidansa, bai samu afuwa ba. Cohen, wanda aka yanke wa shekara uku, shi ma bai samu ba.

Kundin tsarin mulki ya ba shugaba ikon afuwa, ba mai musun haka. Amma idan afuwa ta zama ladan yin shiru, duk wani makusanci da za a kira nan gaba ya riga ya san lissafinsa: in ka riƙe amana za a fitar da kai, in ka yi magana kai kaɗai ne. Wannan cuta ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Ranar 24 ga Disamba, 1992, George Bush babba ya yafe wa tsohon Sakataren Tsaro Caspar Weinberger da wasu biyar a badaƙalar Iran da 'yan tawayen Contra, ana gab da fara shari'ar Weinberger. Clinton ya yafe wa Susan McDougal, wadda ta yi wata 18 a tsare saboda ƙin amsa tambayoyi kan Whitewater. Joe Biden ya yafe wa ɗansa Hunter a Disambar 2024, bayan ya sha cewa ba zai yi ba. Duk wanda ya yi Allah wadai da ɗaya ya kau da kai ga saura, jam'iyyarsa yake karewa.

Abin da ya shafe mu

Najeriya ta ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, ta ɗauko har da wannan ƙulli. Sashe na 150 na kundin 1999 ya ce Antoni Janar minista ne a gwamnati, sashe na 174 kuma ya ba shi ikon karɓe ko dakatar da ƙarar laifi a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Sashe na 175 ya ba shugaba ikon afuwa. Rigar kariyar da ke sashe na 308 ta shugaba ce da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kawai, ba ta rufe minista, aboki ko suruki ba. A 2002 ma, a ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce masu rigar kariyar kansu ana iya bincikarsu, gurfanar da su ne kawai ba a yi sai sun sauka.

Mun kuma ga yadda abin ke kasancewa. A Disambar 2007 hukumar EFCC ta kama James Ibori, tsohon gwamnan Delta kuma na kusa da gwamnatin lokacin. Kafin watan ya ƙare aka sanar da tura shugaban hukumar, Nuhu Ribadu, kwas a Kuru. A 2009 wata kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake yi wa Ibori, amma a 2012 ya amsa laifi a wata kotu a Landan aka ɗaure shi shekara 13. A Maris ɗin 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi afuwa ga Diepreye Alamieyeseigha, wanda ya yi wa mataimaki a jihar Bayelsa. Talakan da ke ganin haka ba ya buƙatar lauya ya faɗa masa cewa a gaban doka akwai ɗan mowa akwai ɗan bora.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Kenya ta raba ofishin mai gabatar da ƙara daga na Antoni Janar a kundinta na 2010, ta ba shi wa'adin shekara takwas sau ɗaya, ta hana kowa ba shi umarni. Mai binciken makusantan shugaba yana buƙatar doka ta majalisa da ta kafa ofishinsa, rubutacciyar iyaka da kotu za ta iya dubawa, da kariya daga kora sai an bayyana dalili a fili. Shi ma dole a sa masa mai sa ido, domin jami'in da ya ɓoye wa kotu gaskiya ya cancanci hukunci kamar wanda yake bincika. Afuwa kuwa, idan ta shafi ƙarar da shugaba ko iyalinsa ke da hannu a ciki, bai kamata ta zama ra'ayin mutum ɗaya ba.

Kafin mu yi tafi ko mu yi kuka a kan kowane bincike, mu tambayi kanmu ko za mu yarda da wannan ƙa'ida ranar da namu ne ke kan kujera kuma amininsa ne aka aika wa sammaci. Idan amsar a'a ce, to buƙatarmu nasarar ɓangarenmu ce kawai. Kusanci da shugaba bai isa ya zama dalilin tuhumar mutum ba, kuma bai isa ya zama dalilin ƙyale shi ba. A bar shaida ta yi magana a gaban alƙali, shugaba kuma ya cire hannunsa.